A Tsaye Muka Sauko da Baffa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a ɗakinsa na saman bene a Fagge, bayan doguwar jinyar ƙafa da ta ƙare a ƙirji. An yi masa sallah bayan azahar. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.

A bakin titi muka yi zaman makoki, ƙarƙashin rumfar haya, domin gidan da ya mutu a cikinsa ba shi da zaure, ba shi da inda mutum goma za su shimfiɗa tabarma. Ƙasan benen duk shaguna ne. Masu shagunan sun rufe ranar farko don kara, washegari suka buɗe, kuma ban ga laifinsu ba. Haka muka zauna ana ɗaga hannu ana fatiha, masu adaidaita sahu na danna mana ham a ƙeya, 'yan dako na ratsa mu da dilolin atamfa suna cewa a yi haƙuri a janye ƙafa. Mata kuwa, da suka cika lungun saman bene har numfashi ya gagara, sai suka sauko suka koma sashen Gwaggo, yayar Baffa. Sashenta ne kaɗai abin da ya rage na tsohon gidanmu, da tsakar gidansa da darbejiyarsa.

Mutane sun zo, kowa da abin da ya tuna. Tsofaffin magina da siminti ya farfasa wa tafin hannu suka ce ba su taɓa aiki da mai zanen ginin da ke tsugunawa ya tambayi birkila ra'ayinsa ba sai shi. Limamin unguwa ya ce mutumin sahun gaba ne, har lokacin da ƙafa ta hana. Sai wani Alhaji, babban dillalin atamfa, ya gama addu'a, ya ɗaga kai ya dubi gilasan benen suna walƙiya, ya ce ai alhamdu lillahi, marigayi ya ga ci-gaba da idonsa, a gidan zamani ya cika. Na ce masa amin, tunda ba a faɗa a wurin makoki. Amma wallahi da na buɗe baki na faɗi abin da ke raina, da rumfar nan ta watse.

Mutum ɗaya ne bai yi dogon bayani ba, shi ne Baba Kafinta. Kirista ne mutumin Zariya, tun suna samari suka yi aikin reluwe tare da Baffa, kuma ko a gidanmu Baba muke ce masa. Kwana uku yana zuwa daga Sabon Gari, ya zauna a gefen rumfa, da wata doguwar gora jingine a kafaɗarsa. Waɗanda ba su sani ba suna ta kallon gorar. Ni na san ta, shi ya sa na kasa haɗa ido da shi. Da ya tashi tafiya ranar farko ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Ya faɗa muku fa."

Ranar sadakar uku, ba a ko naɗe tabarmi ba, na hangi Yayana yana miƙa wa dangi wayarsa, tana yawo daga hannu zuwa hannu, kowa ya karɓa sai fuskarsa ta saki. Da ta iso kaina na ga abin da ake kallo. Hoton sabon bene ne, kashi na biyu, wanda za a gina in an rushe sashen Gwaggo. 'Ya'yan Baffa mata biyu suna aure nesa, abin da Yaya ya ce shi za su bi. Saura sa hannuna da ɗan yatsan Gwaggo, kuma Yaya ya ce da an yi arba'in a gama magana. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a binne Baffa a binne abin da ya sani tare da shi.

Baffa mai zanen gini ne. A ofishin reluwe ya koyi aikin, da ya bar can ya kama wani ɗan shago a Sabon Gari, ba nisa da shataletalen Bata, tsakanin mai gyaran agogo da wata mai sayar da littattafan coci. Babu komai a shagon sai tebur mai gangare, da doguwar rula, da gwangwanin madara cike da fensira da yake fiƙewa da reza. Ina makarantar sakandare nakan biya in same shi ya duƙufa, tabarau a karan hanci, yana ja wa wani gida layi kamar mai yi wa jariri kwalli. Ba ya son a yi masa magana in yana jan layi, kuma ba ya son a taɓa masa takarda da hannun da ya ci ƙosai.

Zanensa ba shi da kyan gani, wannan gaskiya ce. Baƙi ne da fari, babu launi ko ɗigo. Amma akwai abubuwan da ba ya taɓa mantawa da su. Yakan zana inda kwata za ta bi. Yakan zana inuwar katanga sau biyu, ta hantsi da ta la'asar, ya rubuta lokacin a gefe. Mutanen da yake sakawa a cikin zane kuma ba na ado ba ne: tsohuwa zaune a kan kujera 'yar tsugunno, mace ta sunkuya tana wanke-wanke, maigida riƙe da buta yana neman hanyar banɗaki ba tare da ya ratsa ta gaban baƙi ba. In aka yi masa dariya sai ya ce shi bai taɓa ganin gidan da babu mai wanke-wanke a cikinsa ba.

Babban abin da aka san shi da shi kuwa shi ne toka. Ba ya yarda a sa masa hannu a takarda sai an je filin. Zai sa a kawo masa toka cikin bokiti, ya kafa turaku, ya ja igiya, ya zuba tokar a kan layi har gidan gaba ɗaya ya fito a ƙasa da girmansa na gaskiya. Sai ya ce a kira matan gidan. Maigida ya so ko ya ƙi, sai sun zo. Ya ce wa uwargida ta shiga madafinta ta tsuguna, ta miƙa hannu ta gani ko za ta taɓa bango. Ya sa a shimfiɗa tabarma a ɗakin tsohuwa ta kwanta ta juya. Kuma da tsakar rana yake wannan, don kowa ya ji a jikinsa inda rana za ta dake shi. Na sha ganin mace ta shiga filin tana murmushi, ta tsaya cikin layin toka, fuskarta ta canja, ta ce a'a, nan ya yi mata ƙunci. Nan take Baffa zai share da ƙafa ya matsar da layin. Yakan ce gyaran toka tsintsiya yake ci, gyaran bulo kuwa sai da guduma.

Akwai wani maƙwabcinmu makaho da 'ya'yansa suka tashi gina masa gida. Suna ta kallon takarda suna shawara a kansa, shi yana zaune kamar ba gidansa ba. Abin ya tsaya wa Baffa a rai. Ya kwana biyu yana yanka karan dawa siriri-siriri yana mannawa a kan kwali, har ya fitar da gidan, kowane bango da tudunsa, kowace ƙofa da giɓinta. Ya kai masa ya ɗora masa a cinya. Ina wurin. Tsohon ya bi da yatsa daga zaure, ya shiga, ya karkata, ya tsaya a wani ɗaki, ya tambaya ko nan ne nasa. Aka ce nan ne. Ya ce to sun kai shi ƙurya kamar buhun gero, shi kusa da zaure yake so, inda zai riƙa jin sallamar mutane. Aka mayar da shi kusa da zaure. Har ya mutu yana ajiye da kwalin nan a ƙarƙashin matashinsa.

Sai gorar. Tsawonta daidai da tsawon makarar masallacinmu, Baba Kafinta kuma ya buga mata ɗan gajeren katako a kowane kai, daidai faɗin makarar. Baffa yakan ɗaure ta a jikin kekensa ya ratsa Fagge da ita, mutane na tsokanarsa wai ga mai awon kabari ya fito. Ko a jikinsa. In ya gama zuba toka, abu na ƙarshe da zai yi shi ne ya riƙe gorar a kwance, ya fito da ita daga kowane ɗakin kwana, ya bi lungu, ya sha kowace kwana, har ƙofar gida. In ta taɓa layi, zanen bai yi ba.

Wani attajiri ya taɓa fusata a kan haka. Ya ce, "Malam, gida na ce ka zana mini, ba maƙabarta ba."

Baffa ya ce, "Alhaji, shiga gidan nan da ƙafarka za ka yi. Fitar ƙarshe ɗaukar ka za a yi. Ni duka biyun nake zanawa."

Attajirin ya naɗe takardarsa ya kai wa wani. Ba shi kaɗai ba ne, don Baffa ba shi da daɗin baki, kuma in ya kafe ko jirgin ƙasa ba ya matsar da shi. Ya sha korar aiki da harshensa. Da masu zane da kwamfuta suka yawaita, shagon ya koma wurin shan shayinsa shi da Baba Kafinta, suna zagin gine-ginen da ke tashi a kan hanyar Bata ɗaya bayan ɗaya.

Gidanmu na gado, wanda kakanmu ya gina, ba wani abin nunawa ba ne. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, da zaure biyu, da tsakar gida mai faɗi. Yana zuba da damina, ɓeraye sun san hanyarsa, kuma kasuwa ta riga ta cinye unguwar har bakin ƙofarmu. Ba zan yi ƙarya in ce ba ya bukatar gyara ba. Amma a zauren nan aka ɗaura auren kowa a cikinmu, kuma ta nan aka fitar da mahaifinmu, mutum shida riƙe da makara, babu wanda kafaɗarsa ta taɓa bango.

Bayan rasuwar mahaifinmu, wata ranar Sallah da dangi suka taru, Yaya ya shigo da wani injiniyan zane, mutum mai fara'a, ɗauke da hoto babba kamar allon makaranta. Ya jingina shi a gindin darbejiya ya yaye takardar da aka rufe shi da ita. Kowa ya zuba ido. Bene ne hawa biyu, fari tas, gabansa duk gilas. Sama ta yi wani launi mai taushi irin na bayan ruwan sama, kowace taga da fitila a kunne. Ga bishiyoyin dabino uku, ga ciyawa shar, ga motoci biyu masu sheƙi, ga wasu mutane dogaye sirara suna tafe da jakunkuna, ba su yi kama da kowa a Fagge ba. Babu kwata, babu wayar lantarki, babu ɗan dako, babu ko leda ɗaya a ƙasa.

Ba zan ɓoye ba, ni ma ya tafi da ni. Na ji kamar an ce mini duk shekarun nan a cikin kunya nake zaune ban sani ba. Na waiwaya na dubi bangon da na girma a jikinsa, sai na ga tsagarsa kawai. Mata suna ta salati, wata ƙanwarmu ta nuna wata taga ta ce nan ne ɗakinta. Cikin minti biyar hoton nan ya sa mun tsani gidan ubanmu. Kuma ni ɗin nan yadi nake sayarwa a kasuwar Kwari. Kullum ina gaya wa masu saye kada su yarda da hoton shadda a waya, su zo su taɓa da hannu. Ranar nan na manta da sana'ata.

Baffa ya sa tabarau ya matso, ya daɗe yana kallo. Sai ya tambayi injiniyan a ina mai ɗaukar hoton ya tsaya. Injiniyan ya yi dariya ya ce ai kwamfuta ce. Baffa ya ce ya sani, amma in mutum ne, a ina zai tsaya ya ga gidan haka? Ya auna da yatsa, ya ce ta lissafinsa sai dai a tsakiyar ɗakin matar maƙwabcinmu na tsallaken titi, kuma sai an cire mata rufi. Aka yi dariya. Ya tambaya ƙarfe nawa ne a cikin hoton, tunda ga fitilu a kunne ga kuma rana. Ya tambaya wa zai shayar da dabinon. Ya ce gilasan nan yamma suke kallo, a zo a gaya masa wanda zai zauna a bayansu da la'asar a watan bazara. Daga nan ya ce a ba shi ainihin takardar awo. Da ƙyar aka zaro ta daga ƙasan jaka. Ya ɗora yatsa a kan matakalar bene, inda ta karye ta juya, ya ce, "Nan makara ba za ta sha kwana ba."

Yaya ya ce haba Baffa, ana maganar rayuwa kana maganar mutuwa, ranar Sallah guda. Injiniyan ya ce in aka faɗaɗa matakalar, shago ɗaya zai tafi.

Mako biyu bayan haka Baffa ya kawo nasa zanen. Ya bar shaguna huɗu a gaba, ya bar zaure ɗaya, ya bar tsakar gida, ɗakunan tsofaffi duk a ƙasa. Ya shimfiɗa shi a tabarma, baƙi da fari, ga 'yar tsohuwarsa a kan kujera, ga mai wanke-wanke. Babu wanda ya sunkuya ya duba. Wani ma a kai ya ajiye kofin shayinsa. Ya roƙi a bar shi ya zuba toka ko sau ɗaya, a ga ɗakunan hoton nan da girmansu na gaskiya. Yaya da sauran suka dubi ƙasa. Ni ne na buɗe baki. Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, zamanin toka ya wuce."

Baffa ya sunkuya. Ya ɗauke kofin, ya goge da'irar da ya bari da gefen rigarsa, ya naɗe takardarsa. Daga baya ya sa hannu, ya ce ba zai zama sanadin rabuwar 'ya'yan ɗan'uwansa ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada a taɓa sashen Gwaggo muddin shi yana raye. Yau shekara shida ke nan, kuma babu ranar da maganar nan tawa ba ta dawo mini ba.

Aka rushe, aka gina. Dabino bai zo ba, ciyawa ba ta zo ba. Inda motoci masu sheƙi suke a hoto, nan janaretocin shaguna suke zaune suna tura hayaƙi sama. Farin fentin bai kai damina biyu ba. Gilasan kuwa suna nan yadda aka zana su, kuma daga azahar zuwa magariba ɗakunan saman kamar gidan burodi suke, har sai da aka bi su da tsofaffin kwalaye aka toshe. Yanzu mutum na zaune a cikin duhu da zafi a bayan tagar da aka ce za ta kawo haske. Hoton kuma yana nan a rataye a shagon Yaya cikin firam, fitilunsa a kunne.

Ranar da Baffa zai tare a ɗakinsa na sama, ya zo da gorarsa. Ya riƙe ta a kwance ya hau, da ya kai kwanar ta tokare bango gaba da baya. Na ce ya ɗaga kanta sama mana, ai za ta wuce. Ya dube ni ya ce abin da bai shiga a kwance ba, shi ba zai shigar da shi a tsaye ba. Ya sauko ya miƙa wa Baba Kafinta ya ce ya ajiye masa.

Da farko yana saukowa salloli biyar, yana hutawa a kwanar nan yana haki. Sannan ya koma azahar da la'asar. Sannan Juma'a kawai, mu biyu muna tallafe da shi. Shekara biyun ƙarshe bai taka ƙasa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna wa mutane inuwa ya ƙare a ɗakin da ba ya ganin ko reshen bishiya. Yana jin kiran sallah daga masallacin da bai fi taku arba'in ba, ya yi tasa a zaune shi kaɗai. Gwaggo ma ƙafarta ba ta hawa, sai dai su yi gaisuwa ta bakin jikoki, yaya da ƙane a gida ɗaya. Na ce ya koma sashenta, ya ce ɗaki ɗaya gare ta, ba zai takura wa yayarsa ba. Bai taɓa ce mini ga abin da kuka jawo ba. Da ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

Ranar Talatar, a sama aka yi masa wanka aka sa masa likkafani. Aka kawo makara daga masallaci, masu ɗauke da ita suka hau, suka kai kwanar, ta tsaya. Suka juya ta, suka karkata ta, suka sauko da ita. Sai muka ɗauko shi a hannu, mu huɗu, Yaya ta wajen kai, ni ta wajen ƙafa. Da muka iso kwanar muka tsaya cirko-cirko, babu wanda ke son ya faɗi abin da za a yi. Wani dattijo daga ƙasa ya ce a ɗaga kan. Yaya ya rungume shi ta ƙirji, muka miƙar da shi tsaye, nauyinsa gaba ɗaya ya sauko a kaina, gwiwoyinsa a jikin fuskata. Likkafanin ya gogi bango ya ɗebo fenti a kafaɗa. Matan da ke lungu suka juya fuska. Haka muka juya da shi kamar ana shigar da katifa, muka sauko muka kwantar da shi a makara a gaban shagon mai sayar da mayafai. Ina jin Yaya yana kuka a bayana, ban waiwaya ba.

Ina fushi, kuma ba zan ce ba na yi ba. Ina fushi da duk mai zana wa mutane gida ya tsaya a inda ɗan Adam ba zai iya tsayawa ba, ya kunna rana da fitila lokaci guda, ya share kwata da tsofaffi da gawa daga cikin hoto don kada su ɓata masa kyau. Bai yi mana ƙarya da baki ba, awon matakalar yana nan a rubuce a takardar da ke ƙasan jaka. Amma ya san wadda za mu kalla, ya san abin da za ta yi wa zuciyarmu. Ina fushi da Yaya, wanda ya rungumi gawar nan a tsaye da hannunsa, kwana uku kuma ya fito da sabon hoto. Fushin da ya fi ci na kuwa nawa ne.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne da aka kai wa Gwaggo wayar. Ta kawo ta kusa da ido ta daɗe tana kallo, ta ce kai, wannan gida da kyau yake. Yaya ya nuna mata wata taga mai labule a saman bene ya ce nan ne nata, har da fanka da banɗaki a ciki. Na ga fuskarta ta saki, irin sakin da tawa ta yi shekara shida da suka wuce.

Washegarin addu'ar bakwai na je na karɓo takardar awon daga wurin Yaya, na ce ina son in duba kafin in sa hannu. Na biya Sabon Gari na ɗauko Baba Kafinta da gorar a adaidaita sahu, rabinta a waje, ana ta yi mana tsiya a hanya. Na kwashi toka a murhun Gwaggo. Baba yana karanta awo, ni ina jan igiya, ko da yake ban taɓa yi da kaina ba. Muka zuba ɗakin da aka yi mata alkawari a tsakiyar tsakar gidanta, da ɗan lungunsa, da matakala, da kwanarta. Muka gama rana na tsaka. Na aika aka kira Yaya daga shago.

Ya zo yana tsaki, ya ce wannan wane irin wasan yara ne. Gwaggo ta fito da sandarta ta tambayi abin da muke yi mata a gida. Na ce ɗakinta ne na cikin waya, ta shiga ta gani. Ta tsallaka layin ta tsaya. Ta dubi gabas ta dubi yamma. Ta sa aka kawo tabarmarta aka shimfiɗa, aka sa kujerarta, aka sa akwatinta, wuri ya ƙare. Ta tambaya ina turmi zai zauna, ina za ta shanya kuɓewa, ina matan da suka cika gidan nan makon jiya za su zauna. Yaya ya ce ai za a san yadda za a yi. Inuwar darbejiya tana can gefe, taku uku daga layin, ita kuma tana tsaye a rana.

Sai idonta ya faɗa kan gorar. Ta san ta, tun ƙanenta yana ɗaure ta a keke. Ba ta ga yadda aka sauko da shi ba, amma mata sun gaya mata. Ta ce da Yaya ya kama kai ɗaya, ni in kama ɗaya, mu fito da ita daga ɗakin. Yaya ya ce haba Gwaggo. Ta ce ya kama. Muka riƙe ta a kwance muka fito, muka bi lungun, muka iso kwanar. Katakon gaba ya haye layi, na baya ma ya haye. Muka ja da baya muka sake gwadawa, ƙafar Yaya ta share tokar. Na ga hannunsa ya fara ɗaga nasa kan sama, sai ya tsaya, ya sauke, ya bar gorar a ƙasa.

Gwaggo ta fita daga cikin layin, ta ja kujerarta zuwa gindin darbejiya ta zauna. Ta goge ɗan yatsanta a zani kamar an riga an shafa masa tawada.

Ta ce, "Ɗan nan, mayar da wayarka aljihu. In na tafi ku gina abin da kuka ga dama. Amma ni a kwance za ku fitar da ni."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon tokar da ke kan takalminsa, sannan ya fita. Ban sani ba ko zai dawo da wani hoton, mai yiwuwa ya dawo. Takardar tana wurina ban sa hannu ba, gorar kuma Baba Kafinta ya ce ta gama zama a Sabon Gari, tana jingine a bayan ƙofar Gwaggo.

Allah Ka gafarta wa Baffa, Ka yalwata masa kabarinsa, shi da ya yi rayuwarsa yana yalwata wa mutane hanyar fita. Mu kuma da muka ƙuntata masa tasa, Allah Ka yafe mana.